Man Kwale-kwale a Tankin Jif

Saboda Inna na sayi jif ɗin, ba don sha'awar babbar mota ba. Tsohuwa ce tun ranar da ta zo hannuna. Wani ɗan kwangila a Birnin Kebbi ya gama cin ƙuruciyarta a hanyoyin ƙauye, ya jingine ta ƙarƙashin dogon yaro har ganye ya rufe mata gilashi. Kujerunta layi uku ne, fetur take sha, kuma tana da giyar da ke jan tayoyi huɗu gaba ɗaya. Giyar nan na saya. Sauran motar biyo ta ya yi.

Inna tana zaune ƙauyenmu, gaba da Argungu ta wajen Augie, a bakin fadama. Ta ƙi dawowa wurina Gwadangaji, ta ce ba ta iya barci inda ba a jin kukan kwaɗi. Tana da hawan jini, likita kuma ya ce a riƙa kawo ta kowane wata, a gwada, a sabunta magani. Da rani kowace mota tana shiga ƙauyen. Da damina, in gulbi ya cika ya taɓa hanya, ƙaramar mota iyakarta bakin kwalta.

Kafin jif, babur ke fito da mu titi, mu shiga motar haya. Wata rana motar ta mutu tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Inna ta zauna gefen titi tun hantsi har bayan azahar, ba inuwa, ba wurin kewayawa, ga maza cike da wurin. Na mayar da ita gida. Nan ta ce ta gama da asibiti, kuma ta gama ɗin. Watanni suka wuce tana shan jiƙe-jiƙe, ƙafafunta suna kumbura.

Ranar da na kai mata jif, ta fito da sandarta, ta zagaya motar, ta ƙwanƙwasa taya, ta leƙa ciki.

Ta ce, "Za ni shiga. Amma ka saurara da kyau. Rad da wagga ta tsaya da ni bisa hanya, ran nan na yi bankwana da likita. Ba ni sake hita."

Wanda ya san Inna ya san ba ta faɗin magana sau biyu. Tun daga ranar, lafiyarta ta rataya a kan lafiyar tsohuwar mota, ni kuwa na koyi gyara.

Karatuna bai yi nisa ba. Amma na yi shekaru ina tsaron sito a wani injin casar shinkafa, a can na koyi cewa abin da aka duba bi da bi ba ya ɓata. Sai na je gareji na tsaya kan bakanike ina kallon hannunsa, ina tambaya har ya gaji da ni. Abin da na gane na ɗauke shi zuwa gida. Abin da ban gane ba, kamar cikin giya da wayoyin wuta, har yau shi nake kai wa, in zauna a benci har ya gama.

Ga yadda nake yi kwana biyu kafin tafiya. Da yamma ina shimfiɗa kwali mai tsabta ƙarƙashin injin. Da safe, kafin a tada mota, in jawo kwalin in karanta shi: baƙin ɗigo baƙin mai ne, ja na giya ne, mai ruwa-ruwa na lagireto ne. Sannan in buɗe bonet, in zaro sandar baƙin mai, in goge, in mayar, in sake zarowa. Bayan nan ruwan lagireto, sai man birki. In danna fambel, bel ɗin fanka, da babban yatsa in ji ko ya saki. In girgiza kan batir. Taya ita ce ƙarshe, har da safaya, don safayar da ba iska kaya ce kawai. Juyen baƙin mai ma da kaina nake yi a ƙofar gida, injin da ɗuminsa, kuma ban taɓa ɗaura sabuwar filta ba tare da na shafa wa robarta mai ba. In muka dawo da damina, ba na shiga gida sai na wanke lakar da ke ƙarƙashi, domin lakar fadama in ta bushe jikin ƙarfe, tsatsa take haifa.

Maƙwabta suna dariya. Wani mai shago kusa da ni yakan ce, "Malam, yau ma an kwanta wa amarya?" Motarsa sabuwa ce, kuma na sha taya shi turi.

Da fetur ya yi tsada, shawara ta yi yawa. Ƙanena ya ce a mayar da ita mai amfani da iskar gas, tunda manoman fadama ma sun ɗaura wa injinan ban ruwa tukunyar gas ta girki, suna samun sauƙi. Na je na ga motar da aka yi wa haka. Tukunyar ta cinye wurin kaya, inda nake shimfiɗa wa Inna katifa in zama ya gajiyar da ita, kuma ban san inda zan cika ta ba tsakanin Argungu da ƙauye. Na ce a'a. Bakanike ya ce a cire injin a sa mai shan man dizal irin na manyan motoci. Na tambaye shi ko zai rantse ba za ta tsaya a hanya ba a watannin farko. Ya yi dariya, ni kuma na tashi. Wani ya ce in riƙa saye wurin 'yan bumburutu, tunda ga su ko'ina bakin titi da kwalabe. Wannan ko sauraro ban yi ba.

Sai na tsaya kan ƙa'ida uku. Gidan mai ɗaya nake sha, na Argungu, wanda na gwada na yarda da shi. Ba na barin allura ta sauka ƙasa da rabi, saboda famfon man motar cikin tanki yake, kuma duk dattin tsohon tanki ƙasa yake kwanciya. Na uku, man jarka ba ya shiga motata, sai daga jarkar ƙarfe tawa da na wanke da hannuna. Tsadar kuwa na biya ta da ƙafa. Jif ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa biki. Cikin gari Keke nake shiga kamar kowa. Aikinta ɗaya ne, sau ɗaya a wata.

Haka muka yi shekara biyu ba ta taɓa tsayawa ba.

Inna tana da ƙane, Kawu, masunci ne. Gidansa yana jingine da nata. In ruwa ya cika, yakan ɗaura inji bayan kwale-kwalensa ya riƙa ƙetarar da mutane da buhuna. Mutum ne mai kyauta har ta yi yawa. A ƙauyenmu baƙo ba ya tafiya hannu sake, ko da ɗan gida ne ya zo daga birni. Dole a sa masa wani abu a kaya, kuma yawanci ba a gabansa ake sawa ba, don kada ya ce a bari. Sai ka isa gida ka buɗe but ka tarar da albasa, ko shinkafa, ko ƙullin kifi. Mayar da irin wannan kyauta kuwa ya fi zagi.

A wata damina na je da yamma kamar kullum, na kwana, don mu fita da sassafe. Bayan sallar asuba na shiga ɗakin Inna ina shan kunu, ita kuma tana ɗaure kayanta a hankali, kamar yadda take yi duk ranar asibiti. Da na fito da jakarta, warin fetur ya tare ni tun daga zaure.

Kawu yana tsaye gefen mota yana goge hannu da hularsa. Ƙasa ga jarkar roba babba, wadda rana ta cinye launinta, ga gorar ruwa da aka yanke aka yi mazurari. Wani jiƙaƙƙen layi ya gangaro daga bakin tanki zuwa taya. Murfin tankin tsohuwar mota ba shi da makulli, da hannu ake murɗa shi.

Ya ce, "Ka hito da wuri, ɗana. So na yi sai kun kai birni ka ga allura ba ta motsa ba, ka yi ta mamaki."

"Kawu, me aka zuba?"

"Mai mana. Kihi kowa na ba ka. Na ce yanzu mi ya hi mai daraja? Jarka guda na juye mata, ban rage ko ɗigo ba."

"Man kwale-kwale ne?"

"Shi na. Wanda ni ka sha da kaina."

Na san man nan. Injin kwale-kwale ba ya shan fetur zalla, sai an garwaya masa baƙin mai, kuma Kawu da ido yake awo. Wannan kaɗai zai sa mota hayaƙi, ya ɓata fulogi, amma da wuya ya kashe ta nan take. Abin da ya fi damuna jarkar ce. Cikin kwale-kwale take kwana, ruwan sama ya dake ta, na gulbi ya fantsa mata, murfinta kuwa leda ce aka naɗa. Ruwa ya fi fetur nauyi. Ƙasan tanki zai sauka, daidai inda famfo ke zuƙa.

Makullin motar yana hannuna. Na mayar da shi aljihu. A irin motar nan, da ka murɗa makulli, tun kafin injin ya tashi, famfo ya fara tura mai. Muddin ban murɗa ba, duk abin da ya shiga yana cikin tanki, bai je ko'ina ba.

Na yi godiya tukuna, don ita ce farko. Na ce Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Sannan na ce, "Kawu, sai na juye shi."

Murmushin ya tafi. "Ka juye mi?"

"Man. Duka tankin."

"Man da ka kai ni tsakiyar gulbi ya maido ni, da buhu goma da mutane, shi na bai isa shiga motarka ba?"

"Injinku daban, nata daban."

"Ashe. Motar birni ba ta cin abincin ƙauye." Ya juya wajen zaure ya ɗaga murya. "Yaya, hito ki ga ɗanki. Kyautata za ya zubar ƙasa gaban mutane."

Mutanen kuwa sun fara taruwa, masu tafiya gona da fartanya a kafaɗa, suna rage sauri. Inna ta fito da sandarta, ta dubi jarka, ta dube ni, ta dubi ƙanenta. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar katanga, ta zauna, ta kwance ƙullin goronta.

Ta ce, "Ni ba ruwana. Sarkin ruwa ya ba da mai, mai mota ya ƙi. In an hwasa tahiyar, a shigar min da jakata."

Fuskarta ba damuwa ko kaɗan. Na lura ma goron yana mata daɗi fiye da kullum. Ko na tada mota ta mutu a hanya, ko mu makara a rufe karɓar kati, duk ɗaya ne a wurinta.

Na ja Kawu gefe, bayan mota, inda masu wucewa ba za su ji ba. Ban iya lallashi ba, don haka na faɗa masa yadda abin yake. Na ba shi labarin motar haya, wanda ya sani. Na faɗa masa sharaɗin da ta kafa, wanda bai sani ba, don Inna ba ta faɗa wa kowa ba sai ni.

Na ce, "In na tada ta da man nan, wataƙila ta kai, wataƙila ta tsaya a mashayar shanu, inda ruwa ya ci hanya. In ta tsaya, Inna ta daina ganin likita. Ku kun san ta fiye da ni."

Ya leƙa ta gefen mota ya dubi yayarsa tana tauna goro.

"Haka tac ce?"

"Haka ta ce."

"Da bakinta?"

"Da sanda a hannu."

Ya mayar da hularsa ka, mai warin fetur ɗin. Ya ce, "To mi kake jira? Ina za a tara shi?"

Na fito da buhun da nake kwanciya a kai ƙarƙashin mota, da sifana. Tankin tsofaffin jif irin tawa yana da noti a ƙasa, na juyewa. Na ce a kashe duk wutar da ke kusa. Matar Kawu ta yayyafa wa murhunta ruwa tana mita, wani dattijo mai taba kuma aka kora shi can gindin mangwaro. Aka kawo manyan robobin wanki. Na kwanta, Kawu ya durƙusa riƙe da roba, na sassauta noti a hankali.

Na farkon da ya fito na tara a kwalba mai haske, na ajiye kan dutse. Ba a jima ba ya rabu biyu. Sama mai, launinsa ya yi duhu. Ƙasa ruwa, kaurin yatsa biyu, da ɗan yashi kwance.

Kawu ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken rana. Ya ce, "Wanga ruwan daga tankinka ya hito. Tsohuwar mota ta."

Ban yi gardama ba. Ba gardama ta kawo ni ba.

Juyewar ta ɗauki lokaci, don nawa man mai kyau ma ya garwayu, fiye da rabin tanki, duk sai da ya fita. Roba ta cika, a ja, a turo wata. Tun kafin a gama na ciro jarkar ƙarfe daga but, na ce ana bukatar mai daga gidan mai na Argungu, ba na bakin titi ba. Na sa hannu aljihu. Kawu ya riƙe mini hannu.

"Kyautata ce. Ba ta canza ba, mazubi ta canza."

Ya ɗaure jarkar bayan babur ɗin maƙwabci, ya hau ya tafi, rigarsa tana kaɗawa. Ni kuma na kira matata a waya, na ce ta ɗauki katin Inna ta shiga Keke ta je ta kama mana layi, ta roƙi ma'aikaciyar jinya ta yi mana haƙuri.

Inna ta ce daga kan tabarma, "Rana ta yi. Likita ya tashi."

Na ce, "Bai tashi ba."

"Kai da likitan ɗaki guda kuka kwana?"

Na ci gaba da aikina. Na ciro filtar mai ta ajiya da nake yawo da ita, na duba, na ga ba a bukatar canzawa tunda famfo bai motsa ba, na mayar. Na goge bakin tanki. Na tace man da ke robobi da tsohon farin ƙyalle zuwa jarkunan Kawu, na bar na ƙasa-ƙasa mai ruwan. Don injin kwale-kwale ya isa, in ya ƙara masa baƙin mai.

Da Kawu ya dawo, laka har gwiwa, na fara zuba kaɗan a tanki da noti a buɗe, don ya wanke abin da ya rage. Na tara a kwalba, na duba, ba ruwa. Na ɗaure noti, na goge, na jira in ga ko zai yi ɗigo. Sannan na juye sauran. Bai kai rabin tanki ba, amma zai kai mu Argungu in cika. Na wanke hannu da sabulu, na canza riga, na ciro makulli.

Ta tashi a murɗawar farko.

Inna ta naɗe goronta. Kawu ya kama ta ya hawar da ita kujerar baya, ya sa mata sandarta, ya rufe ƙofa da ƙarfin da ya fi kima.

Ya ce ta taga, "Yaya, ki gaida likita."

Ta ce, "Kai ka ja min. Da ka matsa masa ya tada ta tun ɗazu, da yanzu na huta."

A mashayar shanu ruwa ya rufe hanya kamar yadda na zata. Na tsaya da kaina kafin ruwan, na sa giyar taya huɗu, na shiga a hankali ba tare da ɗaga ƙafa ba. A tsakiya injin ya yi tari sau ɗaya. Na ga idon Inna a madubi, ta miƙe zaune. Ban ƙara wuta ba, ban rage ba. Injin ya gyara murya, tayoyi suka kama tudu, muka fita.

Ta ce, "Ta yi tari."

Na ce, "Ta yi."

Ta koma ta jingina. Muka isa Argungu. Na cika tanki a can, muka hau kwalta.

Mun tarar da matata a kan benci, mutum biyu suka rage gabanta. Aka gwada Inna, jinin ya ɗan hau, likita ya canza mata ƙwaya ɗaya. Washegari na cire fulogi duka na duba, na canza filtar mai duk da haka, na kuma sayi murfin tanki mai makulli a kasuwar kayan mota.

Wata na zagayowa Kawu ya gan shi. Ya kama ya murɗa, bai buɗe ba.

"Don ni anka sa wanga?"

Na ce, "Don ɓarayin birni."

Ya ce, "Awo. Birni sai da makulli."

Man da na tace masa ya yi masa makonni yana ƙetare da shi, kuma ya gaya wa duk ƙauyen cewa ɗan yayarsa ya ba shi mai ninki biyu na wanda ya bayar. Kyautarsa ta koma kifi. Yanzu busasshen tarwaɗa yake cusawa ƙarƙashin kujerar ƙarshe ba da sanina ba, sai mota ta ɗau zafi a hanya in ji shi. Na ƙara wannan cikin abubuwan da nake dubawa in mun dawo, bayan wankin laka.

Inna tana nan tana zuwa kowane wata. Duk ranar tafiya sai ta ƙwanƙwasa taya da sanda kafin ta hau.